Kwana Biyu a Hayin Kogin Mubuku

Ranar da Masereka ya fara ganin Kabugho, takalminsa ta kalla, ba fuskarsa ba.

"Malam, da wannan za ka hau Rwenzori? Ko coci za ka?"

Shi malamin makaranta ne a Kasese, ita kuwa ja-gorar masu hawan dutse. Ta ara masa takalmin roba, ta hana shi sauri, ta yi ta tilasta masa shan ruwa. A rana ta uku ciwon kai da amai suka kama shi, ta ce sai ya sauka.

"Saura kaɗan fa!"

"Iska ta yi maka kaɗan. Ni ba na sauko da gawa."

Ya sauka yana huci. Ko mako ba a yi ba ya tura mata saƙo: "Sarauniyar ƙanƙara, kai ya warke, ciwon ya koma zuciya."

Da ya kawo zancen aurenta, mahaifiyarsa ta ce sam. "Macen da ke kwana takwas a dutse cikin maza? Ga Biira 'yar maƙwabta, mai zaman gida."

Ana cikin haka Kabugho ta hau da baƙi shida. Aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogin Mubuku ya tafi da gadar da za su bi su dawo. Ranar dawowarsu ta wuce, shiru, waya ba ta shiga. Masereka ya kasa ci, ya kasa zama. Ya bar aji, ya goya jaka, ya nufi bakin hanyar dutsen.

A can mahaifinta, tsohon ɗan dako, ya riƙe hannunsa. "Zauna, ɗana. So kake mu ƙara da nemanka? Na san 'yata, ba za ta tsoma ƙafar kowa a ruwan nan ba."

Kwana biyu yana safa da marwa a wurin. Ran na uku da hantsi wayarsa ta yi ƙara.

"Malamina, muna lafiya. Na tsare su a bukka har ruwa ya janye. Sun zage ni, amma duka shidan suna numfashi. Ka tanadar mini matoke, dafaffiyar ayabar nan, yunwa nake ji."

Ya karanta da ƙarfi. Da ya juya sai ga mahaifiyarsa a bayansa, ta kawo masa abinci, tana share ido.

"Ran mutum shida ta riƙe?" in ji ta. "To me kake jira? Je ka nemo awakin sadaki."

Da rani aka ɗaura auren a Kasese. Mahaifinta ya haɗa hannuwansu ya ce, "Allah Ya kai ku tsufa tare, Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana."