Haƙora Shida a Kankare

Da hantsi mai gadin wata ma'aikata ya kira ofishin 'yan sanda. Ya ce ga mace nan a cikin mota tun jiya, ya ƙwanƙwasa gilashi har ya gaji, ba ta motsa ba.

Sufeto ya ga gawa iri-iri a aikin nan, amma da likitan 'yan sanda ya ɗaga leɓen matar, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Haƙoranta shida na gaba duk an kankare su, sun koma sirara kamar na jariri.

"Shirin manna mata ɓawo ake yi," in ji likitan. "Siririn farin tangaran ne da ake liƙa wa haƙori don ya yi kyau. Sai an kankare kafin a liƙa. Amma ba mai barin mutum ya fita haka ba a rufe masa ba, iska kaɗai sai ta sa shi kuka. A kan kujerar aiki ta mutu, aka ɗauko ta aka kawo nan. Ga kuma sawun allura a dasashi."

Adireshin da ke kan katinta ya kai su gidan mahaifiyarta. Tsohuwar ba ta yi ihu ba, zamewa kawai ta yi ta zauna a ƙasa. Can sai ta zabura ta cafke hannun Sufeto.

"Ƙanwarta! Yau za a yi wa autata nata, tun safe ta fita! Ɗana, jikinsu ɗaya ne, allurar kashe zafi ba ta karɓe su ba, tun suna yara."

"A ina, Mama?"

"Wallahi ban sani ba."

Aka kira wayar yarinyar, a kashe. Tsoro ya kama Sufeto sosai.

A jakar mamaciyar akwai takardar wani asibitin haƙori. Suna shiga likitan wurin ya hau rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba.

"Ta zo, ita da ƙanwarta, har muka ɗauki kwafin haƙoransu. Na ce ba zan taɓa su ba sai a babban asibiti, saboda maganar allurar. Ta yi fushi ta tafi."

"Wa ke ƙera maka ɓawon?"

"Akwai maƙerina. Yau bai zo ba, wai babarsa ba lafiya."

Sufeto ya leƙa ɗakin maƙerin. Kwafin haƙoran mutane na farar ƙasa ne jere a kanta, kowanne da lambarsa, suna yi masa murmushi ba fuska. Gurbi biyu babu komai.

"Na su waye nan?"

Likitan ya duba littafinsa. Na 'yan'uwan nan biyu ne.

Mai sharar asibitin ce ta faɗi inda maƙerin yake: wani ɗaki a bayan shagon tela, inda yake aikin likita a ɓoye. Sajen da ke tare da Sufeto ya tuƙa motar kamar zai tashi sama, Sufeto kuwa sai cewa yake, "Ƙara wuta!"

Tun daga lungu suka jiyo ƙarar injin kankara, da ihun mace. Sufeto bai taɓa jin daɗin ihun mutum ba sai ran nan. Mai ihu dai da ransa.

Saje ya ɓalle ƙofar. Ga yarinya kwance a tsohuwar kujerar aski, ta ƙanƙame hannun kujerar, hawaye har cikin kunnuwanta. Maƙerin ya saki injin.

"Ka yi mata allura?" Sufeto ya daka masa tsawa.

"A'a! Ban yi ba!"

"Yayarta fa?"

"Wace yaya? Ni ban san ta ba."

Sufeto ya ɗauki wani ɗan akwati a kan tebur. Ɓawo shida ne farare tas a ciki, zaune a kan kwafin haƙora, da lambar mamaciyar a jiki.

"Baki ɗaya ne a duniya wannan zai shiga. Mu je mutuware mu gwada?"

Mutumin ya durƙusa.

"Ban yi nufi ba, Yallaɓai. Ita ta roƙe ni. Na yi allurar, ina gama kankarewa ta fara shure-shure, numfashi ya tsaya. Wannan kuma da na hana ta zuwa, da ta nemi yayarta. Shi ya sa nake kankare mata haka nan, tsoron allurar nake ji."

Saje ya buga masa ankwa, ya tisa ƙeyarsa waje.

Yarinyar ba ta ji komai ba, azaba ta toshe mata kunne. Ta tashi zaune tana kare bakinta da tafin hannu, ta dubi Sufeto.

"Baba, don Allah ara min wayarka in kira yayata. Ta ce mini ba zai yi zafi ba, jiya ta tafi a fara yi mata nata."

Sufeto ya cire hularsa, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.