An Ɗage Wankin Ranar Talata

Babban ɗan mamacin ne ya kawo ƙara, kuma ƙanwarsa yake ƙara, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya shigo ofishin Sufeto da hantsi, ya ajiye wata takarda a kan tebur kamar wanda ya gama bincikensa tun a gida, sa hannu kawai ya zo nema.

"Ranka ya daɗe, mahaifinmu ya rasu ɗazu da safe. Ciwon ƙoda ne da shi, Talata da Juma'a ake yi masa wankin ƙoda. Ƙanwata ce mai kai shi. Makon nan ko sau ɗaya ba ta kai shi ba. Wai asibiti ne suka aiko cewa an ɗage. To na je asibitin, ga abin da suka aiko."

Sufeto ya ɗauki takardar. Saƙon imel ne aka buga, layi biyu, ba ado ba komai: tunatarwa ce cewa majinyaci yana da wanki ranar Talata, a zo da wuri.

"Me kake so a yi mata?"

"A tuhume ta. Gajiya ta yi da shi."

"Kai kana kai shi wani lokacin?"

"Ni ina da harkoki."

Sufeto ya rubuta "harkoki" a takardarsa, ya ja layi a ƙasa. A shekarun da ya yi yana wannan aiki ya lura cewa ɗan da ya fi nisa da jinya shi ya fi sanin hanyar caji ofis. Amma takarda takarda ce. Ya kira Saje suka fita.

Gidan a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo. An lulluɓe tsohon a kan gadonsa, ƙafafunsa sun kumbura har zanen ya ɗago. A kan durowa akwai kofin roba da aka zana wa layi da jan biro, iyakar ruwan da aka yarda ya sha a yini. Likitan da ya duba gawar ya ce ba wani abin mamaki: ruwa da guba sun taru, zuciya ta kasa.

'Yar, malamar makaranta ce, tana zaune a ƙasa kusa da ƙofa. 'Yan uwa sun cika falon, amma duk sun bar fili tsakaninsu da ita.

"Malama, asibiti sun ce ki kawo shi. Me ya hana?"

"Cewa suka yi kada in kawo shi."

Ya miƙa mata takardar. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ciro wayarta ta buɗe ta ba shi.

Saƙon ne dai. Mai aikowa ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Amma wannan yana da tambarin asibiti a sama da shuɗin layi, kuma cewa yake na'ura ta samu matsala, an ɗage wankin Talata, kada a zo, za a kira. Na Juma'a ma haka.

"Kin kira su?"

"Na kira har na gaji. Ranka ya daɗe, ka taɓa kiran asibitin nan an ɗauka?"

Bai taɓa ba, kuma bai san wanda ya taɓa ba.

"Ranar Juma'a na ce masa, Baba mu je kawai mu gani da ido. Ya ce in bar shi ya huta da allura, ai sun ce za su kira. Har daɗi ya ji." Ta share hanci da bakin mayafi. "Da na ja shi da ƙarfi."

Daga falo yayan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ita ta shirya abinta. Yanzu waya me ba a yi da ita?"

Sufeto ya karɓi wayar ya ba ta rasit. Ya san in har bai gano yadda saƙo ɗaya ya faɗi magana biyu ba, matar nan ko kotu ta sake ta, falon nan ba zai sake ta ba.

A asibiti, magatakardan sashen ƙoda ya juyo musu allon kwamfutarsa da ƙarfin gwiwa.

"Ga shi nan. Tunatarwa muka aika. Ba ma mu ke aikawa ba, manhaja ce ke yi da kanta. Na'urarmu kuwa ba ta taɓa lalacewa ba."

"Da bai zo ba, kun neme shi?"

"Mun jira shi. Na'urar haka ta yini a banza."

Wata nas da ke wucewa da tire ta tsaya. Mace ce mai shekaru, da alama ta daɗe da daina jin tsoron magatakarda.

"A banza? A sashen nan? Kai ma ka san ƙa'ida. In mai gurbi ya yi latti, wanda ke jiran gurbi in yana nan shi ake ɗorawa. Wata tsohuwa aka ɗora, Talata da Juma'a."

Magatakarda ya ce ai abin da yake nufi ke nan. Sufeto ya bar shi da nufinsa, ya bi nas ɗin zuwa baranda.

"Masu jiran gurbi kullum suke zuwa?"

"Ina! Wa ke da ƙarfin zaryar banza? Sai mun kira su. Ita dai ta zo, da bargonta da matashin kanta, tun kafin mu kanmu mu san za a samu wuri. Har tsokanarta na yi, na ce Mama ko mafarki kika yi."

"Wa ya kawo ta?"

"Ɗanta. Wani dogo, ba ya magana. Yana zama da kwamfuta a cinya har a gama."

Kamfanin da ya rubuta manhajar ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin taya, da tebura huɗu da fanka mai ƙara. Manaja ya tarbe su da katin kasuwancinsa, ya ce manhajarsu ba ta kuskure, kuma duk canjin da aka yi mata sai mutum biyu sun duba, sunan mai yi yana nan a rubuce. Ya nuna musu. Ba wanda ya taɓa saƙon tunatarwa tun bara.

Sufeto ya ajiye takardar da wayar gefe da gefe. "To ka bayyana mini wannan."

Manaja ya duba, ya gyara tabarau, ya kira wata ma'aikaciyarsa da suke ce wa Anti. Tana gani ta ce, "Au. An gyara ɗaya an bar ɗaya."

"Yi mini bayani kamar wanda bai sani ba. Ba sai kin wahala wajen ƙaddarawa ba."

"Duk saƙon da manhajar ke haɗawa kashi biyu ne a ciki. Akwai mai ado, mai tambari da launi. Akwai tsurar rubutu, saboda tsofaffin wayoyi. Fayil biyu ne daban, kowanne da maganarsa, manhaja ta cika suna da rana ta tura su tare. Waya irin wannan mai adon take nunawa. Asibiti kuwa tsuran kawai muke ajiye musu, don ba shi da nauyi."

"Wato wani ya canza mai adon."

"Ya manta da tsuran. Ciwonmu ne a aikin nan. Ba mai ganin tsuran, shi ya sa ba mai tunawa da shi. A ofishin nan ma akwai wanda kullum sai na…"

"Kowa na mantawa," in ji Manaja da sauri.

"Ka ce ba a canza komai sai mutum biyu sun duba."

"Haka ne."

"Ko da manhajar ta tsaya ranar hutu?"

Manaja ya kalli fanka. Daga nan ya yarda cewa akwai mabuɗin gaggawa, wanda ke shiga uwar garke, wato babbar kwamfutar da manhajar ke ciki, kai tsaye ya gyara fayil ya fito, ba mai dubawa. Mutum ɗaya ke riƙe da shi, domin a biya mutum biyu kuɗin zaman ko-ta-kwana ɓarna ce.

Mai mabuɗin yana teburin ƙarshe, sun daɗe suna magana bai ɗago ba. Dogo suke ce masa, kuma ba ƙarya suka yi ba.

"Ka shiga uwar garke makon nan?"

"Ina shiga kullum. Aikina ne."

"Ka san mamacin?"

"Ni lambobi nake gani, ba mutane ba. Asibitin ma ban san ƙofarsa ba."

Sufeto ya gode masa. A matakala Saje ya ce, "Oga, dogo fa. Mu ɗauke shi mana."

"Dogaye sun yi yawa a garin nan. Kuma ya ce bai san ƙofar asibiti ba. Mu bari ya nemo ta da kansa."

Ranar Talata suka zauna a bencin baranda cikin kayan gida, tsakanin masu jinya. Sashen na warin maganin goge ƙasa, na'urori na ƙara a hankali. Can sai ga keken marasa lafiya ya shigo, da wata tsohuwa ƙarama a ciki rungume da bargo. Mai turo ta sai da ya sunkuya kafin hannunsa ya kai mariƙin keken.

Sufeto ya bari aka ɗora ta, aka sa allura, jini ya fara zagayawa a bututu. Dogo ya gyara mata matashi, ya fito neman ruwa, ya gan su. Bai gudu ba. Ya zauna a ƙarshen bencin, ya sa hannuwa tsakanin gwiwoyi.

"Ka samo ƙofar," in ji Sufeto.

"Ba zan yi gardama ba. Kada dai ta ji."

"Ina saurare."

"Tun da aka ce ƙodarta ta tsaya take cikin masu jira. Kullum a ce babu gurbi. Ni kuma kullum ina kallon gurbin kowa a allo, ni ke tura musu tunatarwa. Makon jiya ta daina iya kwanciya, a zaune take kwana tana haki." "Na san ƙa'idar latti. Na buɗe sakamakon gwajin duk masu Talata, na zaɓi wanda ya fi kowa ƙarfi. Na ce wannan zai jure fashi ɗaya. Na canza fayil ɗin, na tura masa shi kaɗai, na mayar yadda yake."

"Fashi ɗaya. Juma'a fa?"



"Ranar Talata da muka koma gida ta ci abinci, ta yi barci a kwance. Ta ce mini, ɗan nan, ashe haka numfashi yake. Ranar Alhamis na sake buɗe fayil ɗin. Na farkon hannuna rawa yake yi. Na biyun bai yi ba."

"Ka san 'yarsa ake zargi?"

Ya ɗago, a karon farko ya kalli Sufeto ido cikin ido. "'Yarsa? Na ɗauka asibiti za a zarga, su ce matsalar manhaja ce, maganar ta mutu. Ai haka ake yi."

"Da ka gyara tsuran ma, da haka aka yi. Takardar asibiti ta ce a zo, ita ta ce an ce kada a zo. Wa kake jin danginta suka gaskata?"

Dogo ya rufe fuska da tafukan hannu. Sufeto ya ba shi ɗan lokaci, ba don tausayi kawai ba, Saje ne ke laluben ankwa a aljihun da ba ta ciki.

Nas ɗin ta leƙo. "Mama na tambaya ina ɗanta."

"Ki ce an kira shi wurin aiki," in ji Dogo. "Zan ba da lambar ƙanwarta, ta zo ta ɗauke ta." Ya juyo ga Sufeto. "Za a cire ta daga gurbin?"

Nas ce ta amsa, ba tare da ta kalle shi ba. "Mai gurbin ya rasu, ita ce ta gaba a layi. Nata ne yanzu."

Saje ya sa masa ankwa, ya yafa masa rigar sanyinsa a kan hannu, suka bi ta ƙofar baya zuwa mota.

Sufeto ya tsaya a wurin ajiye motoci ya kira babban ɗan mamacin. Ya gaya masa komai a taƙaice, ya ce ƙanwarsa gaskiya ta faɗa tun farko, ta zo ta karɓi wayarta duk lokacin da ta so.



"Ranka ya daɗe, ni fa na riga na gaya wa kowa. Dangin uwa, dangin uba, har makarantar da take koyarwa na kira. Tun ranar ba wanda ya yi mata gaisuwa."

"To."

"Ofishinku ba zai iya ba da wata takarda ba, a nuna wa mutane?"

"Mu mun kama namu," in ji Sufeto. "Lambobin da ka kira suna nan a wayarka. Amma ka fara da ƙanwar taka."

Ya kashe wayar ya shiga mota.