Takardun da Tela Ya Goge

Tela na karin kumallo mahaifiyarsa Inna ta shigo falo, idonta ya sauka kan ambulan ɗin da ke tebur.

"Wannan kuma fa?"

"Fom ɗin Amarya ne, Inna. Mastas za ta yi a fannin kasuwanci. Yau za a rufe karɓa, ga shi ta tafi aiki, ni zan kai mata."

"Kai za ka kai mata!" Inna ta tafa hannu. "Kai da ko sakandare ba ka gama ba? Digiri ɗaya ma yaya muka ƙare, balle biyu? Ranar da ta shiga cikin masu kwat, warin man keken ɗinki za ta fara ji a jikinka!"

Ta fizgi ambulan ɗin, ta cukuikuye shi, ta jefar. "Ka ce mata ya faɗi a hanya."

Inna ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Shekara uku da aure, tsoron nan bai taɓa barinsa ba, cewa wata rana matarsa Amarya za ta fi ƙarfinsa. Ya zauna har hawaye suka zubo. Amma amana ce aka ba shi. Ya tsince takardun, ya ɗora musu ƙyalle, ya goge su ɗaya bayan ɗaya kamar rigar ango.

Makarantar kuwa, Subhanallahi! Gini ne na gilashi, ƙofa ta buɗe kanta tun bai taɓa ta ba, har ya ja da baya. Daɓen ƙasa yana nuna masa fuskarsa, saura kaɗan ya cire takalmi.

Jami'ar karɓar fom, wata dattijuwa mai tabarau, ta shinshina takardun. "Wa ya yi musu guga?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Sana'ata ce."

Ta karanta shafi ɗaya, ta ɗago. "Au, kai ne telan? Mun ce kowa ya rubuta wanda ya koya masa kasuwanci, duk attajirai suke lissafo mana. Saurari nata." Ta fassara masa: "Mijina bai taɓa riƙe ragowar yadin kowa ba, ko da faɗin tafin hannu ne. Bai taɓa cewa gobe ba alhali ya san jibi ne. A shagonsa na fara karatun nan."

Tela ya dafa teburin da ke gabansa. Ashe duk tsawon lokacin da yake tsoron raini, kallon malami ake yi masa!

Da ya maimaita wa Inna, ta shiga goge ido da mayafi. Can ta ce, "To me kake jira? Ɗinka mata kwat ɗin mana!"

A cikinsa Amarya ta je intabiyun makarantar, aka kuma ɗauke ta. Wanda ya riƙe wa masoyinsa tsani da amana, ba a mantawa da shi a ƙasa.