Kwafi na Huɗu

Ranar Talata ce da yamma, saura kwana goma ta miƙa aikin, manhajar kuma ta ƙi buɗewa a kwamfutocin asibitin.

Shekara uku ke nan matar da 'yan unguwa ke kira Injiniya tana gina ta. Saboda ita ta ajiye aikin ofis, ta mai da ɗakin baƙi wurin aiki: tebur biyu, laftof, da wayoyin gwaji shida a jere a kan tawul. Manhajar gida biyu ce. Ɗaya tana zama a kwamfutar likita, ya rubuta magani da lokutan shansa. Ɗaya a wayar majinyaci, ta yi ƙara idan lokaci ya yi. A teburinta komai yana tafiya sumul. A asibitin kuwa da an danna sai allo ya yi fari, ya rufe. Ta kwashe kwana biyu tana bin kundin da manhajar ke rubuta duk motsinta a ciki kafin ta gano dalili: injinan asibitin tsofaffi ne, nata sababbi. Sai ta ga matsalar ta faru a gaban idonta za ta iya gyara ta, tsohuwar kwamfuta ɗaya kuwa ke gare su a gidan, ta mijinta tun yana ɗalibi, wadda ta shekara tara a ƙarƙashin bene ba wanda ya taɓa ta.

Tana jawo ta mijin ya leƙo, ya naɗe hannun riga zai yi alwala.

"Injiniya, magariba ta kawo jiki. Ki bar gawar nan sai da safe mana."

"Gawar nan ce za ta fitar da ni kunya, Baban Auta. Miƙo mini sukuddireba."

Ta kwance murfin. Ƙura ta daskare a ciki kamar auduga, a wani lungu kusa da fanka kuwa ta dunƙule, tsakiyarta a lotse, kamar wurin da aka saba kwantar da wani abu. Ba ta tsaya kallo ba. Ta ɗauko na'urar busar da gashi, ta murza ta zuwa ƙarshen zafinta, ta kafa bakinta a lungun. Hankalinta yana kan layi na ɗari huɗu da goma na rubutun manhajar, ko bisimilla ba ta zo bakinta ba. Da ta jona wa kwamfutar wuta, injin ya yi ƙara sau uku. Sai wani siririn kuka ya biyo baya, gajere, ya yanke. Ƙaurin gashi ya cika ɗakin.

"Fanka ce," ta ce, ko da yake ba wanda ya tambaye ta.

Kwamfutar ta tashi. Matsalar ta bayyana kamar yadda take so, kafin isha'i ta kama ta: wani ƙaramin fayil ne da sababbin injina ke zuwa da shi, tsofaffin ba su da shi. Ta gyara, ta gwada sau biyar, ta fito falo tana rawa. 'Yarsu tilo, mai shekara goma sha ɗaya, wadda suke kira Auta ko da yake ita ce fari, ta ɗago daga littafinta ta ce, "Umma, yau za mu ci abinci tare ke nan?"

"Gobe, uwata. Yau sai na adana aikin."

Washegari da magariba, ladan na rufe baki, dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Na biyu ya biyo, sannan na uku. Baban Auta ya fita da tocila ya zagaya gidan, ya dawo da tsakuwa a tafin hannu, ya ce tana da zafi kamar an ciro ta daga murhu. Bai gama magana ba wayoyin gwajin nan shida suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. A allon kowacce an rubuta abin da manhajar ke rubuta wa majinyaci: Lokaci ya yi. Babu sunan magani a ƙasa.

Injiniya ba mace ce mai saurin firgita ba. Ta ɗauki littafi da biro, ta bi hanyar da ta sani: a canza abu ɗaya, a jira, a rubuta. Ranar Alhamis ta mayar da manhajar yadda take kafin gyaran. Wayoyin suka yi ƙara. Juma'a ta cire su daga intanet; suka yi. Asabar ta kashe su duka, ta zare tsohuwar kwamfutar daga soket. A wannan magaribar, daga cikin akwatin da ba wuta a jikinsa, aka soma waƙar rarrashin jariri, can ƙasa-ƙasa, da muryar da ta disashe don kuka. Gidan ya yi tsit. Ko agogon bango sai da suka ji kamar ya rage tafiya.

"Wannan ma fanka ce?" in ji mijin a hankali.

Ranar Lahadi Auta ta kwana gidan gwaggonta, ba dutse, ba ƙara, ba waƙa. Injiniya ta zauna da littafinta tana duba jerin ranakun, ta ga abin da ya canza guda ɗaya ne tak. Ta daɗe tana kallon shafin. Amma wata al'ada ta aikinta ta rinjaye ta: sakamako ɗaya ba hujja ba ne, sai an maimaita. Ba ta gaya wa mijinta abin da ta gani ba. Litinin ta bar yarinyar ta dawo.

Da rana ta faɗi, suka nemi Auta a falo babu. A ɗakin aiki suka same ta, zaune a ƙasa gaban tsohuwar kwamfutar, ta haɗa hannuwa biyu a ƙirji tana jijjiga abin da ba su gani. Waƙar nan ce ke fita daga bakinta. Da uwar ta kai hannu, yarinyar ta juyo da ido jajir, ta ce da muryar babbar mace:

"Taɓa ni. Taɓa ni ki ga yadda fata ke salewa."

Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta sha ba. Da rana takan kwanta kamar an zare mata laka, da magariba ta tashi ta koma gaban akwatin. Likita ya duba, ya ce jininta lafiya lau, ya kawar da kai. Ranar Laraba Baban Auta ya zo da Malam.

Tsoho ne siriri, mai tabarau ɗaure da zare, wanda ya yi shekara ashirin yana gyaran rediyo kafin ya zauna ga littattafai. Bai tambayi mafarki ba, bai tambayi maƙiya ba. Ya dubi wayoyin, ya dubi akwatin, ya dubi Injiniya.

"'Yata, kafin abin ya fara, mene ne na ƙarshe da kika taɓa?"

Tambayar da take yi wa duk wanda ya kira ta da matsala ke nan. Ta ba shi labari tsaf, har da kukan.

"Kin ji shi?"

"Na ji, Malam. Na ce fanka ce."

Suka yi sallar magariba. Ya sa uban ya riƙe kafaɗun yarinyar, ya zauna gabanta ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kamar mai bin waya a hankali yana neman inda ta tsinke. Duwatsu suka yi ta sauka a kan kwano. Can jikin Auta ya sandare, ta yi wata dariya mara daɗi.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni, an riga ka."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai gida ce ni. Shekara tara ina cikin akwatin nan. Na taɓa fasa musu ko kofi? A nan na haihu. Kwanansa arba'in. Na fita ke nan na bar shi yana barci, wannan ta hura masa wuta."

"Ba ta sani ba. Ba ta ganin ku aljanu."

"Ta ga shimfiɗa. Ta ji kuka. Kunnen ma ba ta da shi?" Kan yarinyar ya juya ga Injiniya. "Da kin yi bisimilla da na ji ki daga inda nake, da na zo na ɗauke shi. Kalma ɗaya. Ke da kike rubuta dubu a rana."

Injiniya ta durƙusa. "Ki yafe mini. Don Allah. Ni na yi, ki kama ni."

"Ke? Me zan yi da ke? So nake ki rayu. Ɗa da ɗa. Wannan zan tafi da ita."

"Ba za ki tafi da ita ba," in ji Malam, ya cire tabaransa ya goge. "An zalunce ki, ban musa ba. Amma yarinyar nan ba ta hura wa kowa wuta ba. In kika ɗauki ranta kin zama abin da kike kuka da shi, ni kuma ba zan tashi daga nan ba, karatun da ban fara ba ya fi wanda na yi yawa. Nemi wani abin."

Duwatsun suka tsaya. Idon yarinyar ya bi ɗakin a hankali, ya sauka a kan laftof da wayoyin nan shida a kan tawul.

"To. Kwana takwas ina kallon gidan nan, tsoho, har na fara shakkar wace ce 'yar. Wannan da nake ciki ita ke zuba wa kanta abinci, ita ke kai kanta shimfiɗa. Wancan na cikin laftof kuwa, in ya yi tari, uwar ba ta runtsawa. Shi nake so. Ta kashe shi da hannunta ina kallo, kada ya bar ko toka. Sai in bar mata wannan."

Malam ya dubi Injiniya. "Kin ji. Kwafi nawa ne, kuma ina da ina?"

Ta ce, "Uku. Laftof, da faifan ajiya, da wanda ke intanet."

"Bisimilla."

Ta zauna a kujerar da ta shekara uku a kai. Ta zaɓi jakar aikin, allon ya tambaye ta ko ta tabbata, ta danna. Faifan, Baban Auta ne ya ɗauko guduma, aljanar ta ce a'a, a ba uwar. Sau huɗu ta buga kafin ya tarwatse. Na intanet ya fi wuya, don sai da aka nemi ta rubuta sunan manhajar harafi-harafi kafin a yarda a shafe. Ta rubuta, yatsunta suna kuskure tana gyarawa. Ta wanke wayoyin shida tas, ta goge wanda ta gwada a tsohuwar kwamfutar. Sannan ta juyo, fuskarta jiƙe.

"Shi ke nan. Babu saura."

Yarinyar ta yi murmushi. Ta ɗaga hannun hagu, ta kama ƙaramin yatsa da na dama, ta fara lanƙwasa shi baya a hankali.

"Injiniya," in ji mijin. "Akwai wani?"

Mutum kan yi tsammanin a irin wannan wuri ba a lissafi. Ita kuwa ta ji kanta tana yi. Shekara uku. Yatsa ɗaya, ana ɗora shi ya warke. Wataƙila barazana ce. Wataƙila ba ta san inda yake ba. Lissafin bai wuce numfashi biyar ba, amma kowa a ɗakin ya ƙirga su.

Ƙas. Yarinyar ba ta ko ƙifta ido ba. Ta kama yatsa na biyu.

Injiniya ta yi kururuwa, ta fizgo aljihun tebur ya zube ƙasa, ta ɓamɓaro wani ɗan katin ajiya da ta manna a bayansa da salatif, bai fi farce girma ba. Malam ya miƙa mata ashana bai dube ta ba. Ta riƙe katin a kan harshen wutar har robar ta narke ta ɗiga mata a yatsa, ba ta saki ba.

Aljanar ta ja numfashi mai tsawo, kamar mai shaƙar turare.

"Haka nawa ɗan ya yi wari," ta ce. "A mayar mini da akwatina inda yake, in ɗauki abin da ya rage na ɗana. Gobe ba ni a gidan nan."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi, tsoho. Na ƙoshi." Ta sake kallon Injiniya. "Af, na manta ban gaya miki ba. Ta ciki ba barci take ba. Tun da muka fara tana ji."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin ubanta. Malam ya tofa addu'a a ruwa ya shafa mata a fuska. Can ta buɗe ido, idonta na da, ta dubi yatsanta da ya karkace, sai a lokacin ta fashe da kuka.

Injiniya ta rarrafo ta buɗe hannuwa. "Uwata. Zo, zo nan, ya wuce."

Yarinyar ta tsagaita. Ta daɗe tana kallon ta.

"Kin ce uku, Umma," ta ce.

Ta juya ta cusa fuskarta a rigar ubanta. Ya ɗauke ta, ya laluba makullin mota a aljihu, suka fita.