Mai Ɗinki da Kyautar Keke

A wani gari an yi wata mai ɗinki, wadda takan sayi zare ta intanet da katin banki. Ran nan wani ya kira ta a waya, da murya mai daɗi.

"Hajiya, daga shagon zare ne. Kin ci kyautar keken ɗinki! Karanto mini lambobin bayan katinki na banki, mu aiko miki da shi."

Kekenta kuwa ya tsufa, don haka har ta juya katin za ta karanta. Sai ta tsaya ta ce, "Malam, lambobin nan nawa ne ni kaɗai."

Ya lallaɓa ta, ta ce nata ne. Ya yi fushi, ta ce nata ne.

Da ta kira shagon da kanta, suka ce ba su ma san shi ba. Ta yi hamdala, ta koma ɗinkinta tana 'yar waƙa.