Ungulayen Bahago

Bahago ne ya fara gani. Yau kowa a Limancin Kona cewa yake a gabansa aka yi, har waɗanda a lokacin ko fuska ba su wanke ba. Ƙarya suke yi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya riga tsohon nan isa gindin rimin bayan kwata a wannan safiyar, daga shi sai bokitinsa na hanjin kaji, sai ƙudaje.

Ungulaye takwas ne zube a ƙasa, kowace babu kai.

Da ma tara suka rage a duk cikin ganuwa. Lokacin da Bahago yake yaro, idan mahauta suka tashi, sararin kwata baƙi ƙirin yake yi da su, kafin azahar sun share wurin tas, ko wari babu. Sai masu neman asiri suka fara sayen kawunansu, aka bi su da tarko da guba har aka ga bayansu. Taran nan Bahago ne ya riƙe su, tun da ya ajiye wuƙar yankan kaji ya bar wa ɗansa sana'a. Kullum da sassafe sai ya zo ya kaɗa gindin bokiti, wani irin kiɗa nasa, su sauko. Ba sa sauko wa kowa, don sun ga abin da mutum yake iya yi.

Mutumin da annobar amai da gudawa ta kwashe gidansu ta bar shi, wanda motar kaji ta kife da shi a hanyar Kano ya fito yana kakkaɓe riga, ba gawa ce za ta tsorata shi ba. Ya durƙusa ya duba. Yankan wuyan fes, zuga ɗaya. Ya ɗaga ƙafar ta farko, sai ya ga an guntule ɗan yatsan baya na ƙafar hagu. Ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ya tsinci yatsa guda a cikin yashi ya jefa aljihu, sannan ya zauna a kan saiwar rimi.

A haka mutane suka same shi, ga bokiti, ga gawarwaki. Lami mai koko, wadda teburinta ke bakin lungun, ita ta fara magana.

"Ni dai na ji kiɗan bokitinsa tun gari bai gama wayewa ba. Kunnena ba ya ƙarya."

Sufeto Bashir ya iso da hantsi. Matashi ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya. Ya zaga wurin, ya sa tsinke ya juya ragowar hanjin da tsuntsayen suka ci, ya nuna wani gari mai kama da yashi shuɗi da ke manne a jiki.

"Maganin ƙwarin gona ne. Ko'ina ana sayar da shi." Ya juyo. "Baba, wa suke sauko wa?"

"Ni."

"Da sassafe kana ina?"

"A zaure ina jiran hanji. Ɗana Muntasir ke kawo mini da yamma daga wurin figar kaji. Jiya bai kawo ba, sai yau da rana ta fito."

"Wa ya gan ka a zauren?"

"Allah."

"Allah shaida ne, Baba, amma alƙali mutum zai nema. An zuba guba inda yara ke wasa, kuma tsuntsun nan doka ta hana kashe shi. Mai unguwa ya tsaya maka, ba zan rufe ka ba. Amma in ban sami wani ba, kai zan kai kotu."

Kafin la'asar magana ta zaga birni: ashe tsohon kiwata su yake yi don ya sayar. Bahago bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba, ba shi da gona, ba shi da mota. Abin da ya tara a duniya suna ne. A duk shekarunsa na yanka babu wanda ya taɓa cewa ya sayar masa da mushe. Ga shi yau ya shiga masallaci, wanda ke kusa da shi a sahu ya ɗan matsa.

Washegari ya riga Sufeto zuwa ofis.

"Yallaɓai, ƙafata ƙafarka. Wuyana ne a kan wuƙa, ba zan zauna a gida ba."

Sufeto ya dube shi, ya yarda. A hanya ya ce, "Na lura da yatsun nan da aka yanke. Su ma magani ake yi da su?"

"Tambayi masu magani," in ji Bahago, ya kawar da kai.

Suka fara da Delu, mai sayar da sassaƙe da fatu a kasuwar birni. Sufeto ya sa aka zazzage kwandunanta, sai ga kan ungulu guda, busasshe, gara ta cinye rabinsa.

"Wannan fa, Iya?"

"Wannan ya girmi kakinka, ɗana. Na mijina ne, Allah ya jiƙansa." Ta harari Bahago. "Kai kuma tsohon banza, ni ka kawo wa 'yan sanda? Dubi gwiwata. Ni da ake ɗora ni a Keke, ni zan bi ungulu?"

"Ba wanda ya zo neman kai kwanan nan?" Sufeto ya tambaya.

"Wani dillali ya zo, baƙo ne, ɗanye yake so. Na ce ina zan samu, a sama? Sai ya tambaye ni inda 'yan kaji suke, na nuna masa."

"Ɗan yatsa fa, ana saye?"

"Kai ake nema, ko ƙafa sukutum. Yatsa ɗaya ko kyauta ba mai karɓa."

Daga nan sai wurin Inuwa mai injin katako, wanda ya daɗe yana neman a bar shi ya sare rimin, mai unguwa yana hanawa saboda sheƙar tsuntsayen. Inuwa bai ɓoye ba.

"Ina son itacen, Yallaɓai, ko gobe. Amma jiya tun sallar asuba ina Gyallesu muna lodin katako, tambayi direba da masu gidan. Kuma me zan yi da kan ungulu, miya?"

"Ka iya yanka?" in ji Bahago.

"Haba Baba, ai ka sani. Kazar suna ma wurinku nake kawowa."

Sufeto ya aika aka tambaya a Gyallesu, magana ta tabbata. Ya rage saura Bahago.

"Zan bi sawun dillalin," in ji Sufeto. "Amma kiɗan bokitin nan, Baba, har yanzu a kanka yake."

Bahago ya rabu da Sufeto a nan. Ya hau mashin shi kaɗai ya nufi unguwar Tukur-Tukur.

Ga abin da yake taunawa tun daga gindin rimi. A wurin figar kaji, masu yanka da yawa ne, tukunyar ruwan zafi kuwa ɗaya. Idan aka zuba kaji aka fige, duk kamarsu ɗaya, sai rigima. Saboda haka kowane mai yanka yana da shaidarsa: da ya yanka wuya sai ya guntule wani yatsa, kafin ya jefa. Wani na tsakiya, wani na gefe. Shaidar Bahago ita ce ɗan yatsan baya na ƙafar hagu. Mutum biyu ya koya wa wuƙa a rayuwarsa, ya ba su shaidar: ɗansa Muntasir, da yaronsa Sabo, wanda suka ɓata ya koma Tukur-Tukur ya kafa rumfarsa. Duk tsawon hanyar nan Bahago fata yake yi Sabo ne.

Sabo ya gaishe shi a tsaye, bai ba shi kujera ba.

"Maigida, yau kai ne a nan? Na ji labari. Allah ya kyauta."

"Nuna mini kajin da ka yanka yau."

Sabo ya tura masa daro da ƙafa. Bahago ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga biyu, ya bi su duka. Yatsan tsakiya na ƙafar dama.

"Tun ranar da ka mare ni a gaban jama'a na bar shaidarka," in ji Sabo. "Tambayi masu figa, shekaru ke nan. Hannuna ma ya manta ta." Ya dubi tsohon, ya rage murya. "Mutum ɗaya ke yin ta yanzu, Maigida. Ka fi ni sani."

Sai a sannan ya jawo masa kujera. Bahago bai zauna ba.

Da wani ne, da ya koma gida ya ja bakinsa, ya je kotu ya karɓi abin da aka yanke masa. Wani kuma da sai ya ce dillalin ne, a yi ta nemansa har a gaji. Bahago ya auna duka biyun. Amma ko wanne ya ɗauka, da sunan mai cin amanar tsuntsayensa za a kai shi kushewa, kuma akwai ta tara a kan rimi, wadda gobe ma ana iya kaɗa mata bokiti.

Da safe ya ɗauko Sufeto suka shiga layin 'yan kaji. Muntasir yana bakin tukunya, riga duk jini, ciniki babu yawa. Da ya ga kaki sai ya miƙe.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya. Kamo mini zakaran can ka yanka. Yallaɓai zan yi wa kyauta."

Muntasir ya kamo, ya fuskanci alƙibla, ya taka fiffike, ya yi bisimilla ya zuga wuƙa sau ɗaya. Idonsa na kan ɗan sandan, hannunsa kuwa ya ci gaba da aikinsa: ya kama ƙafar hagu, ƙyat, ɗan yatsan baya ya faɗi.

Bahago ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗora a kan tebur. Ya zaro na aljihunsa, baƙi, mai kaurin farce, ya ajiye kusa da shi.

"Yallaɓai, ka tambaye ni ko magani ake yi da yatsun. Ba magani ba ne, sabo ne. Wanda ya yanke kawunan nan mai yankan kaji ne, yana sauri, hannunsa ya yi abin da ya saba bai sani ba. Shaidata ce, mutum biyu na ba, ɗayan ya bari tuntuni. Kiɗan da Lami ta ji gaskiya ne, an kaɗa bokiti, kuma wanda ya iya kiɗan shi ne wanda nake ɗauka a kafaɗa in kai shi kallon ungulu tun bai iya tafiya ba. Sai kuma hanjin da bai zo da yamma ba. An riƙe shi ne don in zauna a zaure ina jira, a sami fili."

Masu figa suka tsayar da aiki. Sufeto ya zaga bayan tukunyar, ya ture wani buhun gashin kaji, ya jawo bokiti cike da toka. Kawuna takwas ne a ciki, da ƙullin shuɗin gari a leda. Dillalin sai ranar kasuwa zai dawo.

Muntasir bai gudu ba. Ya ajiye wuƙar.

"Baba, dubi layin nan. Kaji yanzu a fige suke zuwa daga gidajen gona, cikin leda. Wa ke kawo mana yanka? Kullum in kwashi hanjin da zan iya sayarwa in kai maka ka zuba wa tsuntsaye. Kai ungulu kake ciyarwa, ni 'ya'ya nake ciyarwa."

"Da ka ce mini babu, da na bar hanjin."

"Yaushe aka taɓa ce maka babu ka ji?"

Bahago ya haɗiye wannan. Ya ce, "Tambaya ɗaya. Ka san ni za a kama?"

Muntasir ya dubi ƙasa. "Na ga kai tsoho ne. Na san ba za su ɗaure ka ba."

Motar kaji ba ta karya Bahago ba, annoba ba ta kayar da shi ba. Wannan maganar ma ba ta kayar da shi ba, a tsaye ya ji ta, a tsaye ya ga an sa wa ɗansa ankwa. Ya ɗauki yatsan ungulun ya mayar aljihu, ya ce da Sufeto yatsun takwas ne, sauran bakwai sun ishi alƙali.

Suna ya wanku. Lami ta aiko da koko da ban haƙuri, ya mayar mata. Wanda ya matsa a sahu ya dawo kusa. Sai dai yanzu wani sunan aka ba shi: tsohon da ya ɗaure ɗansa a kan ungulu. Surukarsa Ramatu ta kwashe jikokinsa ta koma gidansu, in sun haɗu a lungu bango take kallo. Kwata kuwa wari ya hana wucewa, karnuka sun gaje wurin, kuma masu toshe hanci su ne dai masu cewa me aka yi aka yi ungulu.

Ta taran tana nan. Kullum da sassafe Bahago yana zuwa da hanjin da Sabo ke aiko masa, ya kaɗa bokiti yadda ya saba. Takan leƙo daga ƙololuwar rimin, ta dube shi, ta ƙi saukowa. Ta ji kiɗan nan ranar, ta ga abin da ya biyo baya. Sai ya zuba, ya juya baya ya yi nisa, sannan take ci.

Wanda yake ganin an ƙara gishiri a labarin nan, rimin bai tashi daga inda yake ba. Ya zo da sassafe, ya tarar da tsohon, ya dubi tsabar idonsa ya ce ƙarya ne. Yatsan yana aljihun hagu. In ya isa, ya ce a fito da shi.