Kwanon Akuya Ranar Asabar

An yi wata yarinya a wani gari da babanta ya yi alkawarin kai su wurin wasan ruwa ranar Asabar. Da ranar ta zo, ta leƙa ƙofa ta dawo, ta leƙa ta dawo.

Baba ya ce, "Kin ba akuya ruwa?"

"Na ba ta, Baba! Mu tafi!"

Suka duru cikin adaidaita, ga rana ta take. Akuya ta yi kuka daga turke, ta sake yin kuka. Yarinya ta kasa zama.

"Baba, a tsaya! Ban ba ta ba."

Ta diro, ta ruga da bokiti. Akuya ta shanye kwano tas, ta ɗago kai tana neman ƙari.

Baba ya dubi direba ya ce, "Malam, kashe injin. Namu ruwan na wasa ne, zai jira."